Me ke sa jirgin sama yin hatsari wajen sauka?

"Assalamu alaikum Kyaftin. Ni 'yar kasuwa ce a Gombe, harkata kan kai ni Abuja. A watan Janairu mun taso daga can, jirginmu ya sauko har ina hango gonaki da rufin kwano ta taga, sai kawai inji ya yi ƙara, jirgi ya sake yin sama. Ya zaga ya sake gwadawa, daga baya aka ce hazo ya hana, aka mai da mu Abuja. Fasinjoji suka yi ta faɗa cewa matuƙin bai ƙware ba. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don na sha jin cewa wajen sauka aka fi yin hatsari. Gaskiya ne? Me ke jawo shi? Kuma in ni ina ganin ƙasa, ta yaya shi zai ce ba ya gani?" (Wata Hajiya daga Tudun Wada, Gombe)

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu uku kika tambaya: ko da gaske sauka ta fi hatsari, me ke haddasa shi, kuma abin da matuƙinku ya yi gazawa ce ko a'a. A kwalejin horar da matuƙa jirgi ta Zariya na koyi aikin nan, na daɗe ina ɗaukar fasinja a cikin gida da jigilar alhazai, yanzu kuma matasa nake horarwa a na'urar kwaikwayon tuƙi. Ba na cikin jirginku ran nan, don haka ba zan yanke hukunci a kan wannan tafiyar ba. Amma a yadda kika ba da labari, abin da muke koya wa kowane matuƙi shi ya yi.

Abin da kika ji gaskiya ne. Ƙididdigar da kamfanin Boeing ke fitarwa duk shekara ta daɗe tana nuna cewa gangarar ƙarshe da saukar ba su wuce kashi 4 cikin 100 na lokacin tafiya ba, amma kusan rabin hatsarorin da ake rasa rai a nan suke aukuwa. Kada wannan ya tayar miki da hankali, domin hatsarin kansa ba kasafai ba ne; kusan jiragen fasinja dubu 100 ke sauka a duniya kullum. Dalilin da ya sa ɗan abin da ke faruwa ya taru a nan shi ne ƙarancin lokaci. A can sama, in wani abu ya lalace, akwai tazara da mintuna na tunani. A bakin titin sauka kuwa jirgi irin Boeing 737 yana gudun kusan kilomita 250 a awa, wato yana cinye mita 70 duk daƙiƙa, ga shi dab da ƙasa, an rage ƙarfin inji. Jinkirin daƙiƙa huɗu ya ci kusan mita 300 na titi.

Gangarar da ba ta daidaita ba

A nan zan fi daɗewa, domin a ganina nan ne tushen yawancin matsalar. Saukar jirgi lissafi ce da aka gama tun daga nesa. Yana gangarowa a kan kwana mai digiri 3, ya ƙetare bakin titi yana ƙafa 50 daga ƙasa, tayoyinsa su taka kimanin mita 300 daga farkon titin, sauran titin kuma na birki ne. Don a tabbatar an kiyaye wannan lissafi aka kafa wata ƙa'ida da kusan duk kamfanonin duniya ke bi. Idan jirgi ya kai ƙafa 1,000 daga ƙasa cikin gajimare ko hazo, ko ƙafa 500 a garau, dole a ce tayoyi sun fita, fukafukai suna yanayin sauka, gudu daidai, jirgi na kan layi, kuma ba ya nitsawa fiye da ƙafa 1,000 a minti. In ɗaya daga ciki ya kasa, babu muhawara, a fasa sauka a sake yin sama.

Me ya sa aka tsananta haka? Idan jirgi ya ƙetare bakin titi a ƙafa 100 maimakon 50, wannan 'yar ƙarin ta tura wurin takawarsa gaba da kusan mita 300. In da ƙarin gudu a kai, sai ya riƙa shawagi a saman titi ya ƙi zama, titi na wucewa a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya san yadda tirela mai kaya ke gangarowa cikin Gombe ta hanyar Bauchi ya san cewa gudun da ba a kashe tun daga saman tudu ba, birki ba zai kashe shi a ƙasa ba. Iskar da ke bugowa ta baya ma haka take ƙara tsawon titin da ake buƙata, shi ya sa yawancin jirage ba a yarda su sauka ba in ta wuce kimanin kilomita 18 a awa.

Mun ga wannan a gida. Ran 13 ga Nuwamban 1995 wani Boeing 737 na Nigeria Airways da ya taso daga Yola ya biya ta Jos ya zo sauka a Kaduna. Ya taka can cikin titi da iska a bayansa, ragowar titin bai ishe shi ba, ya zarce ya kama wuta, mutum 11 suka rasu. A Mangalore ta Indiya a 2010, jirgin Air India Express ya zo sama da inda ya kamata, mataimakin matuƙi ya ce a fasa har sau uku, kyaftin ya ci gaba. Mutum 158 suka mutu.

Abin da ya fi damun masu bincike shi ne wani nazari na cibiyar Flight Safety Foundation, wanda ya gano cewa cikin gangarar da ba ta daidaita ba, kusan kashi 3 cikin 100 kaɗai ake fasawa. Sauran duk a daure a sauka, kuma yawanci a sauka lafiya. Wannan sa'ar ita ce tarkon. Matuƙi ya karya ƙa'ida bai ga komai ba, gobe ya sake, har ta zame masa ɗabi'a, sai ranar da ya haɗu da jiƙaƙƙen titi.

Hazo, hadari da ruwa a kan titi

Ga amsar tambayarki a kan yadda ke kike ganin ƙasa amma matuƙi ba ya gani. Ke ta taga ƙasa kike dubawa kai tsaye, ƙurar da ke tsakaninki da gonakin 'yar kaɗan ce. Shi kuma gaba yake dubawa a karkace, yana neman titin da ke da nisan kilomita biyu ko uku, idonsa sai ya ratsa duk ƙurar da ke wannan tsakanin. Idan rana ta yi ƙasa tana haska hazon ta gaba, gilashin ya koma fari fat. Ka ga rufin gida a ƙarƙashin hancin jirgi sarai, ka ɗaga ido ba ka ga komai.

Kowace hanyar sauka a kowane fili tana da iyakar da aka rubuta, wato tsayin da in an kai shi ba a ga titi ko fitilunsa ba, tilas a koma sama. Inda akwai na'urar ILS mai jagorantar jirgi da siginar rediyo, matakinta na farko kan kawo jirgi har ƙafa 200 daga ƙasa, muddin ana iya hangen mita 550 a kan titi. Inda babu ita, ko ta samu matsala, iyakar ta fi haka tsayi nesa ba kusa ba, sai hazon da ba zai hana sauka a wani fili ba ya hana a wani. A cikin ɗakin tuƙi abin a fili yake: cikin matuƙan biyu ɗaya idonsa na kan agogunan jirgi, ɗaya yana leƙen waje, hannun mai tuƙi na kan sandunan ƙara ko rage ƙarfin inji. Muryar na'ura ta sanar an kai iyaka. A wannan daƙiƙar kalma ɗaya ce za ta fito, ko a ci gaba ko a fasa. Ƙarar injin da kika ji ita ce amsa ta biyu.

Wanda ya ce bari in ƙara sauka kaɗan ko zan hango, shi ne ya buɗe ƙofar musiba. Ran 10 ga Disamban 2005 jirgin Sosoliso daga Abuja ya iske ruwa da tsawa a Fatakwal. Rahoton bincike ya nuna sun wuce iyaka ba su ga titi ba, fitilun filin ba a kunne suke ba, da suka yanke shawarar fasawa kuma lokaci ya ƙure. Jirgin ya bugi ƙasa a gefen titi ya daki magudanar ruwa ta siminti. Mutum 108 suka rasu, cikinsu har da yara kusan 60 'yan makaranta ɗaya masu komawa gida hutu. Duk matuƙin Nijeriya na zamanina yana ɗauke da wannan rana a zuciyarsa. Kafin nan akwai ta Kano, ran 22 ga Janairun 1973, da Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar daga Legas, ya taka da ƙarfi, ƙafar tayarsa ta karye, ya kauce ya kama wuta. Mutum 176 suka rasu.

Mu a nan Gombe da Bauchi hazo kan sa a yi ta jinkiri daga Nuwamba zuwa Maris, amma ni hadarin farkon damina ya fi ba ni tsoro, irin wanda ke tasowa daga gabas da ƙura a gabansa. A ƙarƙashin irin wannan gajimaren akwai iskar da ke zubowa ƙasa da ƙarfi, in ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta zai fara jin iska ta gaba, gudunsa ya ƙaru, matuƙi ya rage inji. Bayan 'yan daƙiƙu iskar ta danna shi ƙasa, sannan ta juyo ta bayansa, gudu ya zube a lokacin da inji ke kwance. Ita ta kayar da jirgin Delta a Dallas ta Amurka a 1985, abin da ya sa aka ƙera na'urorin gargaɗi da jirage ke ɗauke da su yanzu. Juyin iska irin wannan ne kuma ya shafi jirgin ADC da ya faɗi a Abuja a 2006 da Sarkin Musulmi Maccido a ciki, Allah ya jiƙansu, ko da yake shi wajen tashi ne. Maganinta jira ne. Irin wannan hadari ba ya daɗewa a wuri ɗaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai ruwan da ya kwanta a kan titi. In ya wuce milimita 3 a tsaye, taya na iya hawa kansa ta riƙa sulɓi ba ta taɓa kwalta ba, birki ya zama banza. In kin taɓa lura da baƙin tabo a farkon titin jirgi, robar taya ce da ke gogewa a kowace sauka, kuma in ba a kankare ta ba, ruwan farko na mai da ita kamar sabulu. Don haka ne matuƙi kan buga jirgi da ɗan ƙarfi da gangan in ana ruwa, domin taya ta keta ruwan ta kama ƙasa, fale-falen da ke saman fiffike su miƙe su danne jirgin, birki ya ci. Fasinja na yabon saukar da ba a ji motsinta ba, alhali a jiƙaƙƙen titi neman wannan laushin shi ke cinye titi. A Sao Paulo ta Brazil a 2007 abubuwa uku suka haɗu: gajeren titi jiƙaƙƙe, na'urar juya ƙarfin inji baya ta gefe ɗaya ba ta aiki, sannan aka bar sandar wannan injin a inda take, yana ta tura jirgi gaba. Mutum 199 suka mutu.

Zafi ma na da nasa. A Maris da Afrilu, ko a fili mai tudu kamar na Jos da ya haura ƙafa 4,000, iska ba ta da kauri, jirgi kan taka da gudun da ya fi na kullum. Wannan lissafi ne da ake yi tun kafin a fara gangara.

Mutum biyun da ke gaba

Hajiya, a nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. An tarbiyyantar da mu a kan girmama na gaba da jin nauyinsa, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin tuƙi, yaron da ya ga jirgi ya yi sama da yawa ya kasa gaya wa kyaftin sa'an mahaifinsa, ya cuci mutanen da ke bayansa. A wurin horo nakan zauna kujerar kyaftin in kawo jirgi da gudun da ya wuce ƙa'ida da gangan, in yi shiru. Da yawa za ka ji sun yi gyaran murya, ko su ce a hankali, "Ranka ya daɗe, kamar gudun ya ɗan yi yawa." Sai in tsayar da na'urar mu sake, har sai ya iya ɗaga murya ya ce a fasa, in ban amsa ba ya karɓi tuƙin. Dokar aiki ta ba kowane ɗayansu ikon kiran a fasa, kuma in an kira, ɗayan bai da ta cewa sai an koma sama. Ladabi ya ci gaba bayan an kashe inji.

Gajiya ma na cikin jerin. A hatsarin Mangalore, na'urar naɗar murya ta nuna kyaftin ya yi dogon barci a hanya, ya farka dab da gangara. Wanda ya kwana yana tuƙi tunaninsa kan ƙuntata, ya manne wa abu ɗaya: ga titi can, bari kawai mu sauka. A Karachi ta Pakistan a 2020 jirgin kamfanin PIA ya zo sama sosai da gudu mai yawa, mai kula da zirga-zirga ya ba su shawarar su zaga su rage tsayi, suka ce za su iya. Suka sauka babu tayoyi a waje, injuna suka gogi titi, suka sake tashi, injunan biyu suka mutu, jirgin ya faɗa cikin unguwa. Mutum 97 cikin 99 da ke ciki suka rasu.

Akwai kuma matsin lamba, wanda ba na'urar da ke naɗar sa. Na taɓa karkata zuwa wani fili saboda yanayi, wani babban mutum ya aiko ma'aikaciyar jirgi ta gaya mini taro na jiransa, in san yadda zan yi. Bayan nan wani jami'in kamfanin da nake wa aiki a lokacin ya tambaye ni nawa aka kashe a mai da masauki. Irin wannan tambaya, in ta yawaita, ita ke sa matashin matuƙi ya ƙara ƙafa 50 ƙasa da iyaka a tafiya ta gaba. Kamfanin kirki ba ya tuhumar wanda ya fasa sauka, wanda ya ƙi fasawa yake kira ofis. Faɗan da fasinjojinku suka yi shi ma wani ɓangare ne na wannan matsi.

Dogaro da kwamfutar jirgi fiye da kima sabon ciwo ne. A San Francisco a 2013, da rana tsaka sararin sama garau, Boeing 777 na Asiana ya zo sauka a lokacin da na'urar nuna gangara ta filin ke kashe. Matuƙan sun ɗauka kwamfuta na riƙe da gudun, alhali ba ta riƙe ba, jirgin ya yi sanyi ya nitse ya bugi katangar bakin teku. Mutum uku suka mutu.

Filin da jirgin kansa

Lalacewar jirgi ita ce abin da mutane suka fi zargi, amma wajen sauka ba ita ce kan gaba ba. Tana faruwa dai. Jirgin Dana da ya taso daga Abuja a watan Yunin 2012 ya rasa ƙarfin injunansa biyu kafin ya kai titin Legas, duk mutum 153 da ke ciki suka rasu. Ko a nan ma binciken ya nuna matsalar inji ɗaya ta fara tun a hanya, ba a nemi fili mafi kusa an sauka ba. Gyaran inji fannin injiniyoyi ne, su suka fi ni bakin magana a kai.

Shi fili, abin da ake nema a wurinsa sananne ne: fitilu masu wutar da ba ta ɗaukewa, na'urori masu aiki, rahoton yanayi na gaskiya daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet a kan lokaci, titi mai zubar da ruwa, da shinge. A 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin Fatakwal, Allah ya kiyaye ba a rasa ran mutum ba. Filaye irin na Lawanti a Gombe da na Sir Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi suna tsakiyar gonaki da makiyaya, don haka wanda ya yanke waya don ya rage hanya, ko ya mai da gefen fili bola tana tara tsuntsaye, ya sa hannu cikin lamarin ko bai sani ba. Haka abin da ke bayan ƙarshen titi. Ƙa'idar duniya ta ce a bar aƙalla mita 90 na sarari marar cikas, an fi son 240. A Muan ta Koriya ta Kudu a Disamban 2024, jirgin da tsuntsaye suka buga ya sauka a kan cikinsa yana sulɓi a miƙe, ginin siminti da ke bayan ƙarshen titin ne ya tarwatsa shi, mutum 179 suka mutu.

Ba zan ce miki fasa sauka ba ta da nata hatsarin ba. Aiki ne mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan, kuma an yi hatsarori a cikinta inda matuƙa suka rikice, shi ya sa muke maimaita ta a kowane horo. Mai ma yana da iyaka. Jirgi kan taso da man zuwa inda za shi, da na komawa wani filin da aka zaɓa tun farko, da na ajiyar minti 30 da ba a taɓawa. Wanda ya tsaya gwaji na uku da na huɗu yana cin man komawarsa ne, shi ya sa kamfanoni da yawa suka taƙaita gwaji zuwa biyu sai in yanayi ya gyaru a fili. Zuwa biyu sannan a juya Abuja, kamar yadda aka yi da ku, ya yi daidai da wannan tsari.

Abin da ke hannunki kaɗan ne amma yana da amfani. In kina da alƙawari mai muhimmanci lokacin hunturu, ki bar tazarar kwana guda. Ki ɗaure bel ƙasa-ƙasa a kan ƙugu ki tsuke shi, kada ki kwance sai jirgi ya tsaya cak, domin zarce titi bayan an taka yake faruwa, lokacin da wasu sun fara miƙewa neman jaka. Ki ƙirga layin kujeru tsakaninki da ƙofa mafi kusa, gaba da baya, don hayaƙi na hana gani. Yawancin hatsarorin sauka ana tsira daga cikinsu in an fita da sauri, kuma an tsara jirage yadda za a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90. A Toronto a 2005 jirgin Air France ya zarce titi cikin ruwan sama ya ƙone ƙurmus, duk mutum 309 suka fita da rai. A Tokyo a Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a kan titi ya kama wuta, mutum 379 suka fita, kuma an yaba wa fasinjojin da suka bar kayansu a ciki. In ma'aikatan jirgi suka ce a fita, jaka ta tsaya inda take, ko da kuɗin saro kaya ne a cikinta.